Shekarar da Baba Ya Sare Dawarsa

Jiya da hantsi wani yaro ya bi ta ƙofar gidana yana taɓa kalangu, gidan biki ya nufa, hannunsa ma bai gama faɗawa ba. Duk da haka sai da na ajiye tsintsiya na saurara. Ku 'yan yanzu kun ɗauka kalangu na biki ne kawai. A wurinmu 'ya'yan mahauta kuwa, sanarwa ne. In ka ji shi da yammacin jajiberin kasuwa, to an sayi sa, gobe akwai nama a gari.

Garinmu yana tsakanin Rano da Kibiya, a gindin wasu duwatsu. Baba mahauci ne, yana da rumfarsa da mutanen da ke aiki a ƙarƙashinsa. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ban taɓa jin ya faɗi magana yana kame-kame ba. Na buɗe ido na tarar da kasuwarmu tana cika har ta tumbatsa. Fulani su kawo shanu, su sayar, su juya su sayi gishiri da kanwa da zane da dawa. Matansu su jera ƙorai a inuwar ɗorawa, warin nono da na man shanu ya gauraye da hayaƙin tsire. Masaƙa, maƙera, masu fura, kowa yana samun na cefane.

Kafin in kai shekara goma abin ya fara ja da baya. Shanu suka ragu, daga baya suka ɗauke. Sai kasuwa ta zagayo sau biyu ko uku ba a ji kalangu ba, Baba ya yanka akuya ɗaya, ita ma ta kai la'asar a rataye. Rumfuna suka zube ba mai gyarawa. Da an gama girbi samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani Kano ko Jos, wasu ba sa dawowa. Dattawa suka ce zamani ne ya juya.

Wata Bafulatana, aminiyar Inna, ita ta warware mana zancen. Ta shigo da ƙwaryarta wata rana a farkon damina, ta zauna tana haki. Inna ta tambaye ta me ya raba su da kasuwarmu.

"Ta ina za mu bi?" in ji ta. "Burtalin kun shuka gyaɗa da dawa a ciki. Saniya ta ɗan karkata baki, sai tara. In mun iso kuma, ba inda dabba za ta sha ruwa. Mazanmu sun gwammace su yi nisa."

Burtali, in ba ka sani ba, hanyar shanu ce da ke ratsa gonaki, da shingen bini-da-zugu dama da hagu. Tun da gyaɗa ta yi daraja, kowane manomi ya riƙa matsar da shingensa kaɗan kaɗan, har hanyar ta koma ta ƙafa. Baba yana daga zaure ya ji komai. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce gaskiya ta faɗa, har da gonar gidanmu a cikin masu laifin.

Shekarun nan ne ake ta maganar mulkin kai, aka kuma ce kowane gari zai zaɓi wakilin da zai zauna a majalisar gunduma a Rano. Kowa ya ɗauka kujerar ta mai awon gyaɗa ce, surukin dagaci, mutum mai keke da agogo. Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba ya miƙe a ƙofar dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma zan tsaya." An yi dariya. Wani ya ce yaushe mahauci ya fara zama da manya, ko da wuƙarsa zai shiga majalisar? Baba ya ce zai bar ta a gida, bakinsa ya isa. Buƙatarsa biyu ce, kuma bai taɓa ƙara ta uku ba: a buɗe burtali, a haƙa rijiyar shanu a bakin kasuwa.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai shi ne Baffa, yayan Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Gonarsa tana fuskantar tamu, burtalin ne a tsakani, kuma shi ya fi kowa cin hanyar. Ya zo gidanmu ko zama bai yi ba.

"Saboda ka sayar da nama za ka sa a yanke mini gona?"

"Yaya, ba naman kaɗai ba ne. 'Ya'yanka biyu suna ina yanzu? Me ya kai su?"

Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita. Daga ranar ya hana iyalinsa sayen nama a rumfarmu, manoma da yawa suka bi sahunsa. Mai awon gyaɗa kuma yana zagayawa yana cewa mahaucin nan gonakin mutane zai ba Fulani, tasa kuwa ba zai taɓa ba.

A lokacin dawa ta yi ciki, ta fi tsayin mutum, saura kaɗan ta fid da kai. Wata safiya Baba ya ɗauki adda, ya kira mutanensa da mai kalangu. Inna ta tare shi a tsakar gida.

"Maigida, abincin yara ne fa. Ka bari a girbe mana."

"In na bari aka girbe, cewa za su yi ban yi asarar komai ba. Ki yi haƙuri. Ba za ku kwana da yunwa ba, in Allah ya yarda."

Na bi su har gonar. Mai kalangu ya fara kiɗan fawa, mutane suka fito da gudu suna zaton an yanka sa. Suka tarar da Baba yana sare dawarsa, kunya bayan kunya, tun daga bakin hanya har inda kututturan tsohon shinge suke. Har yau ina jin warin ɗanyen karan nan, mai zaƙi-zaƙi, da raɓa tana jiƙa mini zane. Da ya gama ya share gumi, ya dubi taron ya ce, "Ga iyakar da ubanmu ya bar mana. Abin da ke gabanta ba nawa ba ne." Ya sa aka ɗaure karan aka kai ruga. Baffa yana tsaye a gonarsa da fartanya a kafaɗa, ya juya mana baya.

Mun ji a jikinmu a shekarar. Rumbu bai cika ba, kafin bazara tuwonmu ya koma rabi dawa rabi rogo. Inna ba ta sake tayar da zancen ba, amma ta yi kwanaki tana ajiye masa akushi ta juya abinta.

An yi zaɓen bayan kaka, a filin ƙofar dagaci. Babu takarda babu akwati, kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya, ya ƙirga. Maza masu biyan haraji kaɗai ke shiga. Mu mata da yara muna bayan danga muna leƙe. Da farko layin mai awon gyaɗa ya fi tsawo, na ji Inna tana salati ƙasa-ƙasa. Baba kuwa ko waiwaye bai yi ba, ya harɗe hannu a baya kamar mai jiran ciniki. Maƙera suka zo layinsa, masaƙa suka zo, sai iyayen samarin da suka tafi ci-rani. Can sai ga Arɗo, shugaban Fulanin rugagen da ke kewaye da mu, da mutanensa da sandunansu. Ba su taɓa shiga sha'anin gari ba, sai ranar. Suka wuce kai tsaye bayan Baba. Wasu manoma da ke ɗaya layin suka dubi juna, suka sulale suka dawo.

Baffa bai shiga layin kowa ba. Ya zauna a gindin tsamiya har aka ce Baba ya ci, sannan ya tashi ya tafi gida.

Kada ka ɗauka washegari komai ya gyaru. Baba ya sha tafiya Rano a kan aron keke, ya dawo da ƙura har gira, ana ce masa a dakata. Bai iya boko ba, amma duk zaman da aka yi sai ya miƙe ya maimaita buƙatunsa biyu, har 'yan majalisa suka laƙaba masa sunan burtali. Sai a rani na biyu aka turo masu awo suka kafa duwatsun iyaka, aka haƙa rijiya da kwamin siminti. Ranar da garken farko ya biyo hanyar, ƙasa tana rawa, mata suka yi ta guɗa daga cikin gidaje. Kafin shekara ta zagayo an tayar da rumfunan da suka zube, ɗaya daga cikin 'ya'yan Baffa ya dawo ya kafa teburin shayi a bakin rijiyar.

Baffa da hannunsa ya mayar da shingensa, tun kafin masu awo su iso gonarsa. Wata ranar kasuwa kawai muka gan shi ya shigo rumfarmu, ya zauna a kan buzun Baba, ya ce a yanko masa hanta, kuma kada a cika yaji. Baba ya miƙe da kansa ya gasa masa.

Yanzu shanu a mota ake kawo su, hanyar kuma babura da keke mai ƙafa uku ne ke binta, gidaje sun tsuke ta dama da hagu. Masu neman kansila hotunansu ke rigansu zuwa, a manna a bango, ruwa ya wanke. Wasu sukan shigo har tsakar gida su durƙusa su gaishe ni, don an ce ƙuri'ar mata ta fi yawa. Nakan shimfiɗa musu tabarma in saurara, ba na raina kowa. Baba bai kai lokacin da aka ba mata ƙuri'a ba. Amma tun da aka ba mu, ba zaɓen da ya wuce ni, ko gwiwa tana ciwo sai jikana ya kai ni. In ma'aikata suka ce, "Hajiya, zauna a inuwa a kawo miki," sai in ce su bar ni. Layin nan na daɗe ina kallonsa daga bayan danga, da ƙafata zan tsaya a cikinsa.