Alhamis ɗin da aka kai Lahadi

Shekarun baya ne, farkon zuwana Doha. Gadi nake yi a wani gini a unguwar Nu'aija, ina kwana a gidan ma'aikatan kamfani kusa da Asian Town. A ɗakinmu ni kaɗai ne Kirista. Bai dame ni ba. Na yi gadi a wuraren da suka fi nan wuya.

Ni ɗan Katolika ne daga wani ƙauye a kudancin Kaduna. Ban yi makaranta ba, rubutun nan ma a waya na koya. Abin da na sani na addini a bakin mahaifiyata na ji shi. Akwai ranar da ba ta wasa da ita, wato Alhamis ɗin da ake tuna hawan Yesu sama, bayan Ista. Ranar wajibi ce, dole a je Mas, wato babbar addu'ar coci. Kuma daidai lokacin shuka take faɗowa. Ko da ruwa ya sauka da safiyar, sai ta sa mu ajiye fartanya mu wanke ƙafa. Takan ce Lahadi ai kowa na zuwa, har mai son nuna sabon takalmi, amma ran Alhamis ake sanin wanda ya zo don Allah.

Da zan taso ba ta roƙe ni komai ba sai abu ɗaya. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗana, in na durƙusa a nan ran Alhamis ɗin nan, ina so in san kai ma kana can a durƙushe." Na ce na ji. Ni in na ce na ji, magana ta ƙare.

A Doha Lahadi ranar aiki ce. Juma'a ake hutu, don haka Juma'a muke zuwa coci, an ce ita ta tsaya mana a madadin Lahadi. Ni ma hutuna na mako Juma'a ne. Ina zuwa, amma Turancin Fada, limamin cocin, ba ya shiga kunnena sosai, kuma kafin a fara sanarwa na fice don kar bas ta bar ni. Ku riƙe wannan, a nan na yi wautar.

Da ranar ta matso na sami abokina, wani Bakano da gadonsa ke saman nawa. Shi hutunsa Alhamis ne. Fada yake kirana, ni kuma in ce masa Malam.

Na ce, "Malam, ka ba ni Alhamis ɗinka, ka karɓi Juma'ata."

Ya leƙo da kai daga sama. "Fada, lafiyarka kuwa? Juma'a guda za ka ba ni? Ko dai wata ka samu a unguwar Mansura?"

"Coci za ni."

"Ran Alhamis? Ashe ku ma kuna yin obataim."

Ya yi murna ƙwarai, don tun zuwansa bai sami sallar Juma'a a natse ba. Muka je wurin shugaban masu gadi. Ya ce sau ɗaya zai canza, kar wanda ya dawo masa da wata magana, khalas, an gama.

Ran Alhamis na goge farar rigata na kama hanya. Cocin yana can bayan gari, cikin wani babban shinge da aka tara coci-coci, babu gicciye a waje, babu ƙararrawa. Tun daga ƙofa na ga abin ba daidai ba. Ran Juma'a sai ka yi turereniya kafin ka shiga. Ranar kuwa filin wayam, sai rana.

Na shiga ciki. Wata mata 'yar Filifin tana jera furanni a gaban bagadi. Na tambaye ta Mas ɗin biki, da ɗan Turancina da nuni da yatsa sama. Ta gane. Ta ce an yi ƙaramin Mas da sassafe irin na kullum, amma bikin ba yau ba ne. A nan manyan coci sun ɗauke shi daga Alhamis sun kai Lahadi, saboda ma'aikata ba sa samun fita. Ta ce ai an yi ta sanarwa.

Na ce Lahadi ina aiki.

Ta yi murmushi ta ce kar in damu, ai Lahadin nan Juma'a ake fara yin ta. In dawo gobe.

Gobe. Ranar da na bayar da hannuna.

Na fita na kira abokina. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ji ban yi ba. Ya ce, "Wallahi Fada, in mutumin nan zai yarda, ka karɓi abarka." Ya je ya tambaya. Bai yarda ba.

Na sami inuwar katanga na zauna. Ban san inda zan je ba. Na taɓa kwana a daji ina gadin wani inji, ban ji komai ba, amma zaman nan ya yi min nauyi. A lokacin na san mahaifiyata ta riga ta durƙusa ta tashi, tana ganin ɗanta ya cika alkawari. Ni kuma ga ni da gogaggiyar riga, gumi ya jiƙa ta, ba wanda ya san ni a wurin, ba wanda zai tambaye ni me ya kawo ni. Ban yi fushi da kowa ba. Sun kai bikin Lahadi ne don irina su samu. Ni ne ban tsaya jin sanarwa ba.

Wajen la'asar na ga Indiyawa suna shigowa, maza da mata da yara, suna nufar wani gini dabam. Wani tsoho mai furfura ya tsaya ya dube ni. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce su ba su ɗaga nasu ba, yau suke yi. Na ce ni fa Katolika ne. Ya ce su ma haka, Fafaroma ɗaya, tsarin Mas ne kawai kowa da irin na kakanninsa. Ya ce, "Yalla, mu je."

Na bi shi. A ƙofa kowa ya cire takalmi, na cire nawa kamar mai shiga masallaci. Maza gefe, mata gefe. Ga labule a gaban bagadi, ga hayaƙin turare har yana shaƙe ni. Daga farko har ƙarshe ban ji kalma ɗaya da na sani ba sai Amin. Inda na durƙusa su suna tsaye. Da aka zo gaisuwar salama na miƙa hannu irin namu, na kusa da ni ya haɗa tafukansa yana jira, muka tsaya muna kallon juna. Ni kaɗai ne baƙar fata a ɗakin. Amma da Fada ya ɗaga gurasa na gane ta. Na durƙusa, ban duba ko wani ya yi ba.

A bas na kira mahaifiyata ta wayar ƙanwata.

"Ka je?"

"Na je, Mama."

"Me Fada ya ce?"

"Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da Indiyanci aka yi."

Sai na ji tana dariya. Ta ce, "To ni ma ban ji ba. Sabon Fada aka kawo mana, da Turanci ya yi wa'azin, katikis mai yi mana fassara kuma yana gona. Ka dai durƙusa?"

"Na durƙusa."

"Shi ke nan."

Yanzu na san tsarin nan sarai. Ina tsayawa a gama sanarwa. In bikin ya zo ina zuwa ran Juma'a tare da jama'a, an yi waƙa an cika coci, kuma na san ya wadatar. Mahaifiyata ta rasu, babu mai kira ya tambaye ni. Abokina ma ya koma Kano tuni, sai in nemi wani in roƙi Alhamis ɗinsa. In na samu, ina zuwa wurin Indiyawan, in cire takalmi, in tsaya can baya. Har yau Amin kaɗai nake ji.