Kwalbar Surukina

Sakkwato zuwa Bagudo

Ana kiran assalatu motar jami'a ta tsaya a ƙofar gidana. Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato ce, ina ƙaramin malami a sashen nazarin ƙwayoyin cuta, aka tura mu binciken tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, a ƙauyukan masunta da ke bakin iyakar Benin. Ina sa takalmi matata Hadiza ta ce, "Tunda ƙauyenmu na ciki, ka yi ƙoƙari a duba Baba. Duk ya rame, kuma ya ƙi asibiti." Na ce to, amma da baki kawai. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, shi zan ce ya ba ni fitsari?

Mu uku ne: ni, da direba, da Misis Ojo ta ɗakin gwaji, wadda Hausa ta zauna a bakinta. Mun sha koko da ƙosai a Jega. Bayan garin Koko wani ɗan sanda ya juya takardarmu ya ce, "Hatimin Sakkwato? Malam, ai yanzu mun ci gashin kanmu." Ya leƙa kwali ya ga ƙananan kwalabe, ya tambaya ko turare muke sayarwa. Da Misis Ojo ta faɗa masa abin da za a zuba, da kansa ya ɗaga mana shinge. La'asar muka shiga Bagudo, muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, muka kwana a ɗakunan bayan shagon wani mai kemis.

Ƙauyen su Hadiza

Da hantsi muka bar direba da mota muka shiga kwalekwale. Mai tuƙi ya nuna mana wasu giginyu can nesa, ya ce daga can Dahome ce, wato Benin. Ni dai dabarata nake tuƙawa a zuci: in ɓuya a ajin firamare bayan madubin duba ƙwayoyin cuta, Misis Ojo ta karɓi kwalabe a waje.

Dabarar ba ta kai azahar ba. Surukina shi ne Sarkin Ruwa, kuma masunta suka ce ba mai taɓa kwalba sai shi ya fara. Shi kuwa ya aiko cewa ba ya miƙa wa mace irin wannan abu. "Ai muna da ɗa cikinsu," in ji shi. "Shi hito."

Dole na fito. Gari kaf yana gindin tsamiya. Surukina ya taho a hankali, kwalbar fitsarinsa ɓoye cikin hannun riga. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na miƙa hannu biyu yadda tarbiyya ta ce. Shi ma ya kau da fuska gefen kogi, yadda tasa tarbiyyar ta ce. Ya saki yana zaton na riƙe. Ni kuwa ina jiran in ji ta a tafina.

Ta faɗi a kan dutse ta fashe. Abin da ya malale ja ne wur, har da gudaji. Dattijon da ake kawo wa ƙara, mai raba faɗan masunta, ga asirinsa a ƙasa, yara suna kallo, kuma ta hannuna. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Misis Ojo ce ta fara motsi, ta ɗebo yashi ta rufe.

Sai surukina ya ce, "To, kun gani. Mi kuka jira?" Ya juya gida. Mutane suka fara karɓar kwalabe, kowa idonsa a ƙasa. Ranar na yi aiki har magariba, na ga ƙwan tsutsa a fitsarin yara da manya.

Washegari na tarar da wata kwalba a bakin tagar ajin, an rufe ta da ganye. Na gane ta surukina ce, kuma da na duba a madubi, ƙwan tsutsa ya cika fitsarin. Na aika masa da magani, da roƙon ya je babban asibiti a Birnin Kebbi, don jinin ya fi ƙarfin tsargiya kaɗai. Za mu tashi ya sa aka kira ni. Ta bayan zana muka yi magana, ba mai ganin wani.

"Hannuna yas saki, ba naka ba," ya ce. "Asibiti kuwa ni tahi, tunda babu sauran abin ɓoyo. Amma ka hwaɗa ma ɗiyata da bakinka. Kada ta ji ga 'yan kasuwa."

Komawa gida

Ban san yadda muka wuce Koko da Jega ba. Misis Ojo, Allah ya saka mata, ba ta tayar da maganar ba ko sau ɗaya, direba kuma ya yi ta ba ni goro. Ina gode musu, da mutanen ƙauyen da suka rako mu har bakin ruwa, da Allah da ya dawo da mu lafiya.

Hadiza ta kawo ruwa, na ajiye shi gefe. Na faɗa mata komai ina kallon tabarma, ina jiran ta ce na tozarta ubanta. Ta rufe fuska da gefen zane, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ce, "Tun ina budurwa ni da Inna muke wanke wandunansa. Kullum muna gani. Ba wadda ta iya buɗe baki."