Garin da Na Zana a Bayan Idon Oga

Na yi ayyuka iri-iri a rayuwata, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma makonni biyun da na yi ina taimakon wani mai shirya dandamalin wasa a Badun, waɗannan ba za su fita daga raina ba har a sa ni a ƙasa.

Lokacin unguwar Sabo ba ta daɗe da kafuwa ba. Turawa ke mulki, an tattara mu Hausawa a unguwa guda, kowa yana ƙarƙashin wani maigida. Ni na haura talatin, ina da mata da 'ya ɗaya, ina zaune a gidan wani babban dillalin goro. Ɗinki na koya tun a gida, amma abin da ke ci da ni a Sabo shi ne ɗinke buhuna da ɗaure huhun goro kafin a kai tasha.

Wata safiya wani Bayarabe ya zo zaurenmu, dogo, siriri, fenti duk a farcensa. Kafinta ne, kuma shi ke rubuta allunan kantuna a cikin gari. Ya ce malaman wata makaranta za su yi wasan kwaikwayo, labarin wani falke da ya tashi daga kurmi ya je har Arewa, an kuma damƙa masa shirya dandamalin. Yana neman wanda zai haɗa masa ƙyallen akoko ya zama bango guda. Maigidana ya tambaye shi ko akwai zanen mutum ko na dabba a ciki, ya ce babu, gidaje ne da itatuwa. Sai ya dube ni ya ce, "Tashi ka bi shi. Goro bai fara sauka ba tukuna."

Oga nake ce masa, shi kuma Tela yake ce mini. Hausarsa ta kasuwa ce, Yarbancina ma haka, inda magana ta ƙare sai mu ƙarasa da hannu.

Na ɗauka ɗinki kawai zan yi in tafi, ashe aikin mataimaki ya wuce nan. Oga ke zama da malaman ya ji labarin, sannan ya zana kowane wuri a 'yar takardar da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ni kuma aikina in kai wannan ɗan zanen kan ƙyalle mai tsayin mutum biyu. Ya koya mini yadda ake raba takardar gida-gida kamar na dara, a shafa wa zare gawayi, a ja shi a kan ƙyallen, a ɗaga a sake, ya bar layi. Abin da ke gidan farko a takarda shi za ka sa a gidan farko a ƙyalle. Ni ke daka jar ƙasa da farar ƙasa, in jiƙa shuni, in dafa ƙaro don launi ya kama. Ni ke auna ƙofar da 'yan wasa za su fito, in san wane ƙyalle ne zai sauka bayan wane.

Ƙyallen uku ne: kurmi, bakin kogi, sai garin Arewa. Biyun farko suka tafi lafiya, har na fara jin daɗin aikin. Ranar da ya miƙo mini takarda ta uku, sai da na juya ta, na zaci a kife na riƙe. Wai garinmu ke nan. Bukkoki a kan tudu, kwakwar manja ta kewaye su, ciyawa kore shar har bakin ƙofa, ga wani gini mai hasumiya irin ta coci wai shi ne masallaci. Bawan Allah bai taɓa wuce Ilori ba. Abin da ya sani ya zana.

Ya ce, "Tela, ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Oga."

Har yau ina mamakin bakina. Mu an tashe mu a kan cewa ba ka gyara wa wanda kake ƙarƙashinsa, balle mai ilimin da ba ka da shi. Na ce a raina, wasan Yarbawa ne, Yarbawa za su kalla, wa zai sani.

Kwana biyu bayan haka na ji an gayyaci maigidana da wasu dattawan Sabo, saboda shi ya ara wa malaman tabarmi da huhun goro na cikin wasan. Da yamma a zaure ya ce wa mutane, "Za mu je mu ga garin da Tela ya gina mana." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma daga ranar zama ya gagare ni. In zauna ɗinki allura ta soke ni. In tashi daga Sabo in tafi makarantar, in tsaya ina kallon takardar, in dawo ban yi komai ba. Sau uku ina buɗe baki zan yi wa Oga magana, sai in ji ina tambayarsa inda ya ajiye guduma.

Matata ta gaji da ni. Da na ba ta labari ta ce, "Malam, ka gaya masa mana."

Na ce, "Ba a haka."

Ta ce, "To ka daina zagaye tsakar gidan nan, kana sa ni jiri."

Saura kwana shida a yi wasa aka yi wa Oga rasuwa a Abekuta. Kafin ya tafi ya nuna mini ƙyalle na uku, wanda muka riga muka ja wa layi, ya ce in shimfiɗa shuɗin sama da koren ƙasa kawai, sauran in jira shi.

Ban jira ba. Yana barin gari na ninke takardarsa na sa a aljihu. Na ɗauki jar ƙasa na ja katanga tun daga wannan gefen har wancan. Na yi zaure, na yi zankwaye a kan soro, na dasa kuka a gefe, har da karofi a ƙarƙashinta. Ranar farko ji nake kamar ana kaɗa mini ganga. Rana ta biyu na ja da baya zuwa inda 'yan kallo za su zauna, na duba. Katangar ta karkace kamar za ta zube a kan mutum. Zauren ya fi masallaci girma. Kukar kuwa ba ta yi kama da komai ba. Na san garin kamar tafin hannuna, amma hannun bai san yadda zai fito da shi ba. Na shafe nan, na ƙara can, ƙyallen ya yi ta yin duhu, har jar ƙasar ta ƙare.

Saura kwana uku Oga ya dawo. Ya shigo ɗakin taron da 'yar jakarsa, ya tsaya. Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Sai ya taka a hankali ya ɗaga wata tsaga da muka bari a ƙyallen, ya ce, "Ta nan falke zai shigo. Yanzu ta tsakiyar itace zai fito?" Ya nuna katangar. "Rigarsa wannan launin ce. In ya tsaya nan, wa zai gan shi?" Duk wannan ban taɓa tunaninsa ba.

Na ce, "Oga, zanen da ka yi ba garinmu ba ne. Mutanenmu za su zo, za su yi dariya."

Ya ce, "Yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun ranar da ka ba ni takardar."

Ya ce, "Na tambaye ka. Ka ce ya yi." Ya zauna a bakin dandamalin, ya share fuska da hularsa. "Me ya sa na je Sabo neman tela? Babu tela a garin nan? Mai ido na je nema. Yanzu malamai za su ce ni na ɓata musu wasa, kuma babu wani akoko."

Na tsaya ina jiran ya kore ni. Ina tunanin fuskar maigidana in ya ji cewa mutumin da ya ara ya lalata aikin mutane. A Sabo ta lokacin, in maigida ya janye hannunsa daga kanka, babu inda za ka sa kai.

Can sai ya ce, "Bayan ƙyallen fa?"

Muka sauke ƙyallen muka kife. Launi ya ɓullo a wasu wurare, amma farar ƙasa za ta rufe. Matsalar ita ce tsagar ƙofar ta koma ɗaya gefen, dole in warware ɗinki in sake jera ƙyallayen. Na zauna a ƙasa ina warwara, shi kuma ya ɗauki gawayi da sabuwar takarda ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Ka tsaya a ƙofar gidan ubanka da hantsi. Me kake gani?"

Shekarata tara rabona da gida. Na fara faɗi ina inda-inda, daga baya maganar ta ɓalle. Ya yi ta tambayata abubuwan da ban taɓa lura na sani ba. Katanga ta kai kan mutum ko ta wuce? Inuwa ta wane gefe take faɗuwa? Ƙasar ja ce ko fara? Yana zana ina leƙawa. Wannan karon in ya kauce sai in ce, "A'a Oga, ba haka ba," ya goge ba tare da ya ɗago kai ba. Ya yi reshen kuka siriri, na ce ya ƙara kauri. Ya ƙi karofin, ya ce nan 'yan wasa za su tsaya. Ya ce katangar za ta yi haske fiye da yadda na sani, don a ga rigar falke. Na yarda, don yanzu na san dalili.

Washegari na dako wata jar ƙasar, muka shiga fenti, shi a sama ni a ƙasa, sai ruwa ya tsinke. Wanda ya san ruwan Badun ya san ba ya saurin ɗaukewa. Ya wuni yana zuba, ƙyallen ya ƙi bushewa, in ka taɓa launi ya biyo yatsa. Na yi ta kai da kawo daga taga zuwa ƙyalle. Matata ce ta fisshe mu. Ta zo da abincina, ta ga halin da muke ciki, ta fita. Sai ga ta ta dawo da wasu mata biyu masu tuyar ƙosai a bakin makarantar, kowacce da kaskon garwashi. Muka jera su nesa kaɗan da ƙyallen, muna fifita, muna tsoron kada tartsatsi ya tashi.

Da ranar ta zo, bayan la'asar aka yi wasan. Ƙasan ƙyallen bai gama bushewa ba, ya yi nauyi fiye da sauran. Ina bayan dandamali da igiyoyi. Kurmi ya sauka lafiya, kogi ma haka. Da aka zo na uku na saki igiya, sai na ji ƙusar da ke riƙe da kusurwar hagu tana zarewa daga katako. Oga yana can ɗaya gefen, ba halin kira. Na haye tsani, na naɗe igiyar a hannu, na tokare kafaɗa da gungumen rufi.

A haka na tsaya har aka gama zaman Arewa, kuma shi ne mafi tsawo a wasan. Ban ga komai ba sai bayan ƙyallen, wato mummunan zanena, ga karkatacciyar katangata a gaban hancina. Hannuna ya mutu, gumi yana shiga mini ido. Kunnuwana kawai ke aiki. Na ji surutun ɗakin ya lafa. Can daga baya, inda aka shimfiɗa wa dattawan Sabo tabarma, na ji muryar maigidana a hankali yana cewa, "Kuka ce." Wani tsoho ya amsa, "Har da zankwaye." Daga nan ban sake jin bakinsu ba.

Da aka tashi, malamai suka kira Oga gaban jama'a aka tafa masa. Ni ina baya ina murza yatsuna su dawo. Bai kira ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan kowa ya watse ya zo ya duba shaidar igiya a hannuna, ya yi mini sannu da Yarbanci, ya ce, "Pele, Tela." Sannan ya ce akwai wani aikin bayan wata biyu, in gaya wa maigidana tun yanzu.

A hanyar komawa Sabo dattawan suna gaba ina binsu. Sai da muka kai ƙofar gida maigidana ya juyo ya ce, "Zauren ya yi. Amma kukar ganyenta ya yi yawa." Tsohon nan da ya yi maganar zankwaye bai shiga gida ba, ya zauna a dakali ya daɗe yana kallon hanyar da ta yi arewa. Ba a yi wata uku ba ya tattara ya koma garinsu.

Na yi shekaru ina bin Oga duk lokacin da aikin goro ya yi sauƙi, ban kuma taɓa zama gwanin zane ba. Abin da na koya shi ne, shirun da na ɗauka ladabi ne, tsoro ne kawai, kuma shi ya kai ni ga yin abin da ya fi rashin ladabi muni. Wanda ya sa ka kusa da shi don ka taimake shi, idonka yake so tare da hannunka. In ka ga kuskure ka faɗa masa a gabansa, tun aikin yana kan takarda.