Ɗan Aike Ba Ya Zama

Wata Asabar cikin Janairu, ina aji biyar, Umma ta riƙe hannuna muka hau jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Mount Hope zuwa Manhattan don mu kai wa Baba tuwo. Muka tarar da shi tsaye ƙiƙam a ƙofar wani dogon gini, cikin kwat mai maɓallan tagulla, waɗanda ni ke goge su duk Lahadi da tsumma da man goge haƙori. Ganinsa ke da wuya na durƙusa a kan ƙanƙara na gaishe shi yadda ake yi a gida. Wata tsohuwa mai ɗan kare ta tsaya tana kallonmu baki buɗe. Baba ya so ya sunkuya ya ɗaga ni, gwiwarsa ta ƙi. Na ga ya cije leɓe, sannan ya ce, "Tashi, uwata, ƙasar da sanyi."

Baba ba ya son a ce masa doorman, wato mai tsaron ƙofa. A Ingila ya fara wannan aiki, kuma can commissionaire ake cewa. Ya ce mini kalmar daga Faransanci take, asalinta mutumin da aka damƙa wa saƙo, kuma tsofaffin sojoji aka fara ɗinka wa irin kayan aikin nan nasa. "Ɗan aike ba ya zama sai ya isar," in ji shi. Ni kuwa, da bakin nan nawa da ba ya shiru, na tambaye shi da Turanci wane saƙo aka ba shi. Ya yi dariya ya ja mini kunne.

A shekarar likita ya ce ya bar tsayuwa, in ba haka ba gwiwoyin za su tafi. Umma ta dage mu koma Katsina. Ina kitso wa 'yar tsanata a bayan labule na ji Baba ya ce ba inda za mu sai ni na gama karatu. Wallahi murna na yi. Ƙawayena na tuna, da lilon makaranta, ban tuna ƙafafunsa ba ko kaɗan, kuma wannan murnar har yau tana cin raina.

Yanzu ina da ofis da kujera mai juyawa, wani ne ke buɗe mini ƙofa da safe, ni kuma ba na iya haɗa ido da shi. Baba yana falona, a kan kujera yake sallah. Ashe ni ce saƙon. Saƙon dai ya isa, amma goshin Baba ba ya kai ƙasa.