Ɗakin da Ba a Sharewa

Kawuna ya yi shekara talatin yana buga keken rubutu a ofis. Ranar da ya yi ritaya, sai ya kwashe buhunan da ke ƙaramin ɗakin bayan kicin, ya jingina tebur da taga, ya shimfiɗa masa farin ƙyalle. Nan yake tayar da tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda sai an ba su wani kullum, wato an murɗa su, kafin su yi aiki. Ba sana'a ba ce. Matattu yake saye a kasuwar 'yan gwangwani, ya warware su, ya wanke, ya ɗiga mai da tsinin allura. In sun motsa, ya jera su a akwati.

Dokarsa ɗaya ce: tsintsiya ba ta shiga ɗakin. Sukurun agogo bai kai ƙwayar yashi girma ba, in ya faɗi, shara ce kabarinsa. Inna, matarsa, ba ta taɓa musa masa ba. Duk da haka Mai Tsintsiya yake kiranta.

Shekarar da na gama jami'a na zauna a gidansu. Ni kaɗai yake bari na zauna kusa da teburin, wai don ba na magana. Shi ya sa na riga kowa ganin hannunsa ya fara rawa. Yakan ɗauke numfashi, ya danne gwiwar hannu a kan tebur, amma bakin hantsakin na ta kaɗawa.

"Kin gani, ko?" ya ce, bai ɗago ba. "To ki shaida. Ranar da hannun nan ya ɓatar mini da abin wani, na rufe akwati ke nan."

Abin wani kuwa ya zo. Tela, amininsa tun ƙuruciya, ya kawo agogon marigayi mahaifinsa a ƙulle cikin hankici.

"Ga shi, likitan matattu. In ka ƙarasa shi, sai mu yi zaman makoki biyu."

"Kai da ka ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya? Ajiye ka ba ni wuri."

Kwana huɗu yana kansa. A na biyar, da hantsi, ya zo mayar da wani sifirin siriri kamar gashin ido, wanda ke riƙe wanin agogon. Na ji ɗan ƙaramin sauti, tis. Hantsakin ya koma fanko.

Muka durƙusa mu biyu. Muka duba ƙarƙashin tebur, cikin takalmansa, naɗin hannun rigarsa, har gemunsa ya taje a kan farin ƙyallen. Irin wannan sifirin an daina yinsa tun kafin a haife ni. Da azahar ta yi, Kawu ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya goge shi, ya sa a akwati, ya rufe. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Washegari da safe, bayan ya dawo daga sayen jarida, Inna ta shigo ɗakin ba sallama, ta dire gwangwanin madara a gabansa.

"Malam, duba nan ko naka na ciki."

Ya juye shi a kan ƙyallen. Sukurori ne, da ƙananan tayoyi masu haƙora, da hannun agogo guda biyu, da sifirin iri-iri. Sun fi hamsin.

"Ina kika samo waɗannan?"

"A shara. Kullum in ka tafi sayen jarida nake share ɗakin, in tankaɗe ƙurar da rariya. Da ka ɗauka aljanu ke kwashe maka datti shekara goma sha ɗaya?"

Kawu ya shiga tona tarin da hantsaki. Ya ɗago wani hannun agogo mai launin zinariya.

"Wannan ai tun shekarar da na fara ya ɓace."

"Lokacin hannunka lafiya lau yake," in ji Inna. "Ka daɗe kana zubarwa, Malam. Ba jiya ka fara ba."

Sifirin Tela na ciki, can ƙasa, manne da zaren tabarma. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya buɗe akwati, ya maƙala gilashin, ya sa aka kawo farar leda, ya zura hannuwansa da agogon a ciki, don in sifirin ya sake tsalle kada ya yi nisa. Sai a karo na uku sifirin ya zauna a gurbinsa. Ya ba agogon wani, ya kara a kunnen Inna kafin nasa.

Da Tela ya zo karɓa, ya tarar da tsintsiya a jingine da ƙafar teburin.

"A'a, yau kuma an yi juyin mulki?"

"Karɓi agogonka," in ji Kawu. "Ka bi a hankali, ba a tankaɗe sharar yau ba tukuna."