Kadri, Ba Za Mu Goge Muryarka Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, ina titin Fordham Road a nan Bronx ina zaɓen doya, matarka Zuweira ta kira ni ta ce ka cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Shekarunka sittin da uku. Na ajiye doyar, na zauna a kan akwatin mai shagon, na daɗe ban tashi ba.

Kadri, mu biyu daga Zongon Kumasi muka fito, amma a nan New York, a titin Canal Street, muka san juna, kana sayar da agogo ina sayar da jaka. Kai ne ka gano ban iya karatun boko ba, ranar da ka ga na miƙa wa wani takardar asibiti ya karanta min. Ba ka yi min dariya ba a ranar. Ka bari sai da ka kai ni ajin yamma na manya, ina da shekara hamsin da takwas, ka ga na zauna a kujerar yara gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur, sannan ka yi dariyar har da hawaye. Wannan rubutu da nake yi yau, hannuna ne, amma kai ka ɗora shi a kan takarda.

Wanda bai san ka ba, bari in gaya masa aikinka. Ka shirya wasan kwaikwayo na sauraro da Hausa, mai suna "Masu Aron Fuska". Labarin 'yan sandan ciki biyu ne a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya: Sufeto Wiltin, Bature, da Saje Tajuddeen, tsohon sojan Hausa da ya zo daga Akara. Suna farautar wasu halittu da suka sauko daga wata duniya, masu iya ɗaukar kamanni da muryar duk wanda suka ga dama. Kowace Juma'a kana tura kashi ɗaya ta waya, direbobin tasi da mata masu kula da tsofaffi suna saurara a bakin aiki. Kai ne Sufeto. Ni ka ba Saje, kana rubuta min layukana da manyan haruffa.

A ɗakin ajiye tufafi na gidanka a unguwar Morrisania muke ɗauka, a tsakanin atamfofin Zuweira, don kaya suna shanye amon. Ƙarar ruwan saman Landan, man ƙosai ne yana tafasa a kasko. Idan halittar za ta sauya kama, sai ka tuƙa tuwo da muciya a tukunya kusa da makirfo, ya yi wani ƙara mai tayar da tsigar jiki. Zuweira ta sha cewa ka maida mata abincin rana dodo.

Na taɓa tambayarka yadda mai sauraro zai gane halittar, tunda ba ya ganin fuska kuma muryar ɗaya ce. Ka ce min: "Yaya Abdulai, fuska ana aro, murya ana aro. Gaisuwa ba a aro." A wasan, halittar ba ta iya gaisuwa ba. A ce mata ina kwana, ta amsa da kalma ɗaya ta wuce. Ba ta tambayar gajiya, ba ta tambayar mutanen gida, ba ta durƙusa wa babba. Sufeto, da yake Bature ne, bai taɓa lura ba. Saje ne yake kama ta kullum.

Jikata Muniratu tana jin Hausa sarai, amma shekara sha tara ba ta taɓa amsa min da ita ba. "Hi, Grandpa," shi ke nan, ta wuce ɗaki. Kai ka ce ta dace da halittar, ka ba ta. Ta yi fushi, sannan ta karɓa. Da labarin ya yi nisa sai ka sa halittar ta fara koyon gaisuwa don ta ɓuya a cikin mutane, kashi bayan kashi, dole Muniratu ta koya. Na san da gangan ka yi. Ba ka taɓa amsa min ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar addu'ar uku, yayanka Alhaji Tamimu ya ce wa Zuweira a goge wasan duka daga kwamfutarka, a kuma roƙi mutane su daina turawa. Ya ce bai kamata dattijo ya bar ƙarya da kukan dodanni a bayansa ba, kuma yana tsoron duk wanda ya saurara a ɗora maka nauyin. Na san ƙauna ce ta sa shi. Wasu kuwa da suka gyaɗa kai a wurin, su ne tun kana raye suke kiranka Baban Dodanni a ƙofar masallaci, alhali na sha jin muryarka tana fita daga motocinsu.

Ana cikin haka Muniratu ta shigo. Ta cire takalmi, ta durƙusa a gaban Zuweira, ta ce: "Kaka, ina wuni. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba Kadri, Ya sa ya huta." Ta juya ga Alhaji Tamimu, ba ta miƙe ba, ta tambayi gajiyar zaman makoki, ta tambayi matarsa Hajiya da ƙafarta mai ciwo, ta tambayi na Kumasi ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya yi ta amsawa har muryarsa ta karye.

Allah Ya yafe min, Kadri, a zaman makokinka na yi farin cikin da ban yi irinsa ba tun ranar da aka haifi Muniratu. Ban ɓoye ba, kuma ba zan nemi afuwar kowa a kai ba.

Alhaji, da girmamawa nake faɗa: ban yarda ba. Ba wanda ya ɗauka halittun nan na gaskiya ne, don haka ba wanda aka yaudara. Shekara nawa muna zaune muna kukan 'ya'yanmu sun bar harshenmu? Ni faɗa kawai na iya, bai yi amfani ba. Ƙaninka ya shiga ɗakin tufafi da tukunyar tuwo, ya dawo min da jikata. Idan wannan ne nauyin da za a ɗora masa, ina roƙon Allah Ya ba ni irinsa.

Kashi na ashirin da huɗu, na ƙarshe, ka bar shi rabi. Jiya da la'asar Muniratu ta kawo min saƙo daga wurin Zuweira a cikin jaka: littafin rubutunka, da tukunyar, da muciyar. Rubutuna yana tafiya a hankali, ka sani, amma zan ƙarasa. Sufeto kuwa ba wanda zai ari muryarsa. Saje zai ce Sufeto ya yi tafiya.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Kadri, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Duk gaisuwar da wani yaro ya koya ta dalilinsa, Ka sa masa a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuweira da 'ya'yansu, ga Alhaji Tamimu, da dangi na nan da na Kumasi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Abdulai, kakan Muniratu
Morrisania, Bronx