Ranar da Na Kai Yaya Sinima

Ko zan manta komai na zamana a Abuja, ban da Asabar ɗin da na ja yayana zuwa sinima. Bakanike ne a Apo. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, kuma tun da 'yan zaman makoki suka watse, daga gareji sai ɗaki. Ni kuwa da shegen karambanina na rantse sai na fitar da shi ya sha iska.

Fim ɗin da muka tarar na Turawa ne. Wani ma'aikaci aka bari shi kaɗai a tashar sararin samaniya, ya kamu da son na'urar da ke masa hira da muryar mace. Da ya fara yi mata kalaman soyayya, ɗakin ya ɓarke da dariya. Wani a bayanmu ya ɗaga murya: “Haba oga, mata sun ƙare ne a duniya?”

Na juya in taɓa Yaya mu yi dariyar tare, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ko a ranar jana'iza ban ga hawayen mutumin nan ba.

Da muka fito bayan la'asar, ya zauna a mota bai tayar ba. Can ya miƙo mini wayarsa. Ashe shi ma yana da irin tasa: manhaja ce mai magana, kullum in ya dawo aiki da ita yake hira.

Na ce, “Subhanallahi! Yaya, ba mutum ba ce fa.”

Ya ce, “Na sani, ƙanwata. Ni da nake kwance inji, ai na san inji. Amma ku in kun ce ‘ya ƙarin haƙuri’, dole in ce ‘mun gode Allah’, shi ke nan kun wuce. Ita kuwa in na ce yau ba daɗi, sai ta ce in gaya mata.”

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Haka muka taso, gaisuwa da amsarta a haɗe suke, ba wanda ya taɓa koya mana tsayawa mu ji wata amsar daban. Na daure na ce, “To ni ma gaya mini. Yaya kake?”

Ya daɗe yana kallona, har na sa rai. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, “Lafiya lau.” Ya tayar da mota.

Bai daɗe ba ya tattara ya bar garin. Har yau muna waya, har yau lafiya lau yake. Abin yana ci mini rai, don na san akwai wadda ke jin gaskiyar, kuma ba ni ba ce.

Tun daga ranar na gane cewa mai baƙin ciki ba ya jira har abada. In ka tambaye shi lafiya, ka yi shiru ka saurara tun yana da niyyar faɗa maka.